Gidan amarya, jikoki marayu da shagon Kwari: ina wasiyya take tsayawa?

Tambaya: Wani ɗan kasuwa ne a Kano ya rubuto, shekarunsa sun haura sittin. Matansa biyu, 'ya'yansa bakwai a raye, maza uku mata huɗu, mahaifiyarsa kuma tana nan da ranta. Ɗansa ɗaya ya riga shi rasuwa ya bar yara uku a hannunsa, sannan akwai yarinyar da ya riƙa tun tana goye. Yana da gidajen da matan suke ciki, da gidan haya, da shago a Kantin Kwari, da fili a Abuja, da kuɗi a banki. Hawan jini yana taɓa shi. Abu uku yake so: ya rubuta wasiyya a bar wa amarya gidan da take ciki saboda 'ya'yanta uku ƙanana ne; jikokin da 'yar riƙon su samu wani abu; sannan ya yi wa babban ɗansa takardar wakilci a wurin lauya don ya ci gaba da juya dukiyar ko bayan ransa. Yana tambaya ko hakan ya wadatar.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. A cikin buƙatun nan uku, ɗaya ce kaɗai wasiyya za ta biya maka, wato ta jikoki da 'yar riƙo. Gidan amarya wasiyya ba ta kai gare shi, takardar wakilci kuwa ƙarfinta yana ƙarewa ne a ranar da mai ita ya cika. Amma kowacce tana da hanyarta, matuƙar an bi ta yanzu da kake fita kasuwa da ƙafarka.

Mu fara da yadda ake taɓa dukiyar mamaci, domin a kansa komai yake tafiya. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na Arewa suke hukunci da ita, ana fara warware abin da yake jingine a hannun wani, sai kuɗin likkafani da binnewa daidai kima, sai bashi, sai wasiyya daga sulusin abin da ya rage, wato kashi ɗaya cikin uku, sannan magada su raba saura. Abincin zaman makoki da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ba sa cikin wannan jeri. Wanda ya ga zai yi, ya yi daga aljihunsa, balle in akwai marayu a cikin magada.

Mu ƙaddara an yi wa komai kuɗi ya kama naira 100,000,000. Jana'iza ta ci 300,000, bashi 9,700,000, saura 90,000,000. Iyakar abin da wasiyyarka take da iko a kai shi ne 30,000,000. In ka cinye sulusin duka, magada za su raba 60,000,000. Matan biyu suna da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, 7,500,000, kowacce 3,750,000. Hajiya mahaifiyarka tana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, 10,000,000. Ragowar 42,500,000 a kasa shi goma, tunda maza uku kashi shida ne, mata huɗu kashi huɗu: kowace mace 4,250,000, kowane namiji 8,500,000. To in amarya tana da namiji ɗaya da mata biyu, ita da 'ya'yanta gaba ɗaya 20,750,000 ke nan. Idan gidan da take ciki ya kai 30,000,000, rabonsu bai saye shi ba, sai dai a sayar ko su yi ciko. Damuwarka tana kan hanya. Abin da shari'a ta lamunce mata shi ne zama a gidan har ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, ko har ta haihu in tana da ciki. Bayan nan gidan na magada ne duka.

Wasiyya tana da katanga biyu. Ta farko sulusi: Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya nemi ya ba da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi (SAW) ya hana, ya nemi rabi ya hana, ya tsayar da shi a sulusi, ya ce sulusin ma da yawa. Ta biyu kuwa, babu wasiyya ga magaji, amarya kuma magajiya ce, 'ya'yanta ma haka. Idan ka rubuta a ba ta gidan, takardar ba ta ɗaure kowa ba sai in sauran magada sun yarda, kuma yardar tasu kyauta ce daga rabonsu. Kada ka dogara da cewa ka tara su a falo sun ce sun amince. Amincewar da magaji ya yi kana da lafiya ba ta lizimce shi ba, yana da damar janyewa bayan ranka, kuma yaro ƙarami ba shi da yarda, waliyyinsa ma ba shi da ikon yafe haƙƙinsa. Mutanen da suka ce "to, Baba" a gabanka saboda kunya, su ne za su zauna da mazajensu da matansu da iyayen ɗakinsu bayan kwana arba'in, lissafi ya sake.

Jikokin nan su ne ainihin masu buƙatar alƙalaminka. Tunda mahaifinsu ya riga ka, kuma kana da 'ya'ya maza a raye, baffanninsu sun katange su, ko kwabo ba su da shi a gadonka. Masar ta kafa doka a 1946 da ta tilasta fitar wa irin waɗannan jikoki rabo ko kakan bai yi wasiyya ba, amma kotunanmu ba sa aiki da wannan. Idan ba ka rubuta ba, sai abin da baffanni suka ga dama. 'Yar riƙo ma haka take, duk daɗewarta a gidan. Da yake su ba magada ba ne, wasiyya gare su ta inganta, kuma a ganina ita ce ta fi cancantar sulusinka kafin masallaci ko rijiya, domin masallaci yana da jama'ar unguwa, yaran nan kuwa kai ne gatansu.

Yadda za a rubuta yana da muhimmanci. Kada a ce "a ba su naira miliyan biyar", domin ba ka san abin da miliyan biyar za ta saya nan da shekara goma ba. A rubuta da kaso: rabin sulusi na jikoki, ko a ba su kwatankwacin abin da mahaifinsu zai samu da yana raye matuƙar bai wuce sulusi ba. A faɗi sunan kowane ɗaya, a kuma faɗi ko daidai za su raba ko namiji ya ninka mace, don wasiyya tana bin lafazin mai ita ne. In kadara ka ware musu, kamar filin Abuja, ka sani ranar da ka sayar da shi wasiyyar ta tafi tare da shi, sai an sake rubutu. Idan akwai zakkar shekarun baya da ta kuɓuce maka, gara ka fitar da ita yanzu. In ka bar ta a wasiyya, daga sulusin nan za a cire ta, kuma ita za a gabatar kafin jikoki.

Sai shaidu. Mutane da yawa suna rubuta wasiyya da hannunsu su jefa a durowa, suna ganin rubutun hannu ya isa hujja. A Malikiyya, kamar yadda yake a littafin fiƙihu na Muhtasar na Shaihu Halil, ko an tabbatar rubutunsa ne, in bai kafa shaidu ba kuma bai ce a zartar ba, ba a zartarwa, saboda mai yiwuwa ya rubuta ne yana shawara da zuciyarsa. Don haka a samu maza biyu adalai waɗanda ba su da rabo a cikin wasiyyar, zai fi kyau waɗanda suka girme wa ƙuruciya amma ba su kai ka shekaru ba. Ka sa hannu a gabansu su biyun a zama ɗaya, su ma su sa a gabanka, da kwanan wata. Yin haka ya cika sharaɗin fiƙihu, ya kuma cika na dokar wasiyya ta boko, wadda take soke rabon duk wanda ya zama shaida a takardar da aka ba shi wani abu. In da Turanci aka rubuta kuma ba ka karanta shi sosai, lauya ya rubuta a ƙasa cewa an karanta maka an fassara ka gamsu, da sunan wanda ya fassara. Kwafi ɗaya a ajiye a sashen rajistar gado na babbar kotun jiha, ɗaya wurin lauya, ɗaya wurin wasiyyinka, wato wanda ka naɗa ya zartar da ita.

A farkon takardar a bayyana ƙarara cewa kai Musulmi ne, kuma abin da ya rage bayan bashi da wasiyya a raba shi bisa shari'ar Musulunci. Wannan jimla tana da tarihi. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta zartar da wasiyyar wani Musulmi da aka rubuta bisa dokar Ingila ta 1837 duk da ta saɓa wa rabon Malikiyya. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka gyara dokokinsu don kada a yi amfani da wasiyya a tsallake shari'a ga wanda take kansa. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan wakafi da kyauta da wasiyya da gadon Musulmi. Kana da kadara a Kano da Abuja, don haka kada ka bar ƙofar da wani zai ja shari'ar zuwa kotun da ya ga za ta fi yi masa daɗi.

A cikin takardar ne kuma za ka naɗa wasiyyi, wanda zai biya bashi, ya zartar da wasiyya, ya riƙe rabon yara ƙanana har su yi hankalin kuɗi. Sharaɗinsa Musulunci, balaga, amana da iya aiki, kuma mace tana iya zama. Shawarata kada babban ɗanka ya zama shi kaɗai a kan dukiyar 'ya'yan amarya. Ko da ya fi kowa gaskiya, shi magaji ne daga wani ɗaki, duk abin da ya yi sai an zarge shi. A haɗa mutum biyu, misali amarya da wani ƙaninka ko amininka, a rubuta cewa kuɗin yaran yana asusu na daban, ba a cira sai da hannu biyu, kuma a riƙa rubuta abin da aka kashe. Ayar Suratun Nisa'i ta 6 ta ce in za a miƙa wa maraya dukiyarsa a kafa shaidu. Ba a iya wannan sai da lissafin da aka riƙe tun farko.

Yanzu gidan amarya. Hanyarsa kyauta ce kana raye, kyauta kuwa ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa abin ya fita daga hannun mai bayarwa tun kafin ya mutu, ko ya kwanta cutar ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa. A Muwaɗɗa akwai labarin Sayyidina Abubakar: ya ba Nana A'isha dabino wasaƙi ashirin (wasaƙi babban ma'auni ne na dabino da hatsi) a gonarsa ta Gaba, ba ta girbe ta kwashe ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya ce mata da ta karɓa da ya zama nata, amma yau dukiyar magada ce. In kyautar Abubakar ga A'isha ta warware saboda rashin karɓa, ta kowa ma za ta warware.

Ga inda mafi yawan magidanta suke faɗawa. Malikiyya sun ce idan mace ta ba mijinta gidan da suke zaune a ciki, kyauta ta yi, amma idan miji ne ya ba matarsa gidan kuma ya ci gaba da zama a ciki har ya rasu, ba ta yi ba, domin samar da wurin zama wajibinsa ne, zamansa a ciki yana nuna hannunsa bai fita ba. Ke nan ko ka kira liman da mai unguwa ka ce "na ba ta gidan nan", sannan ka ci gaba da kwana biyu-biyu a turakarka, 'yan ɗakin uwargida suna da hujjar rushe kyautar a gaban alƙali. Kafin ta tsaya sai ka kwashe kayanka ka fita, shaidu su gani da idonsu, gidan ya zauna a hannunta. In ta riƙe shi shekara guda cur a bayyane, komawarka bayan nan ba ta ɓata kyautar. Wannan yana da wuya ga mai iyali.

Abin da ya fi sauƙi shi ne ka ba ta, ko ita da yaranta, gidan hayar ko filin. Ga yadda hauzin gidan haya yake: a tara shaidu a ƙofar gidan, a karanta takardar kyauta mai ɗauke da lambar fili da iyakokinsa huɗu, ka miƙa mata takardun asali da makullan da ke hannunka, a kira 'yan haya ɗaya bayan ɗaya a gaya musu daga yau ita ce mai gida, rasit na gaba ya fita da sunanta, kuɗin ya shiga asusunta. Idan bayan wata uku aka ga kuɗin haya yana shiga aljihunka, ka rushe abin da ka gina. Ga yara ƙanana kuwa akwai sauƙi: uba yana riƙe wa ɗansa ƙarami abin da ya ba shi, matuƙar ya kafa shaidu, ba ya zaune a cikin gidan, kuma amfanin yana tafiya ga yaron.

Hauzi ya gamsar da alƙalin Shari'a, amma ofishin filaye takarda yake gani. Dokar amfani da filaye ta 1978, sashe na 22, ta ce mai C of O, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, ba ya sauya mallaka sai da amincewar gwamna, kuma a shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989 Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba tare da ita ba. Don haka lauya ya rubuta takardar kyauta, a biya kuɗin hatimi, a nemi amincewa, a yi rajista a hukumar rajistar filaye, KANGIS in a Kano ne, AGIS in filin Abuja ne, inda ministan birnin tarayya yake a madadin gwamna. Yana cin kuɗi da lokaci, amma bai kai kuɗin shari'ar shekara biyar ba. Kuma a yi shi yanzu. Hawan jinin da mutum yake yawo da shi yana harkokinsa ba cutar ajali ba ce, amma ranar da ciwo ya kwantar da kai har ya zama sanadi, duk kyautar da ka yi a wannan kwanciya hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce sulusi, ba ta zuwa ga magaji.

Sai dai ka ji tsoron Allah a kan adalci. Bashir, mahaifin Nu'uman, ya ba ɗansa kyauta ya nemi Annabi (SAW) ya shaida, da ya ji bai ba sauran 'ya'yan irinta ba sai ya ƙi, ya ce a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya na Ibn Abi Zaid, ta ce makaruhi ne mutum ya ba wasu 'ya'yansa dukiyarsa duka, amma wani yanki ya halatta. Kana da dalili mai ƙarfi, tunda manyan ka yi musu karatu da aure da jari, ƙananan ba su samu ba. Ka faɗi wannan dalili da bakinka a gaban manyan, ka rubuta shi a takardar, kuma ka duba uwargida ita ma da wani abu. Kyautar da aka yi a ɓoye ita take raba zumunci.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba, amma ya fi gidan saurin haddasa rigima: kuɗin matanka da ke cikin kasuwancinka. Gadon da uwargida ta ci ta ba ka ka juya, sarƙar gwal da amarya ta sayar lokacin da kaya suka maƙale, ragowar sadaki in akwai, duk bashi ne, ana fitar da su kafin wasiyya da gado. Amma iƙirarin mara lafiya cewa magajinsa yana bin sa bashi abin tuhuma ne, ba a karɓarsa kai tsaye. Ka rubuta wa kowacce takarda yau, da adadi da shaidu, a kuma fayyace rance ne ko jari ne da ake raba riba. Haka babban ɗanka da ya shekara da shekaru a shago. In ba a rubuta komai ba, ranar rabo kayan shagon duka naka ne, rabonsa daidai da na ƙaninsa da bai taɓa ɗaga dila ba, shi kuma zai ce guminsa ne ya tara. Ka yanke yanzu: ko albashi yake ɗauka, ko yana da kaso sananne a jari. A duba takardar shagon kanta, mallaka ce ko haya, kuma sunan wa take ɗauke da shi.

Takardar wakilci aikinta ɗaya: wani ya yi abu a madadinka kana raye, kamar karɓar haya, sa hannu a ofishin filaye, ko bin bashi lokacin da kake Umara ko asibiti. Da mutuwar mai wakiltarwa take faɗuwa, a fiƙihu da dokar ƙasa duka, domin daga wannan lokaci dukiyar ta koma ta magada, su kuwa ba su wakilta kowa ba. Irin wadda lauyoyi suke rubuta cewa ba a janye ta, an tanade ta ne don kare wanda ya biya kuɗi ko yake da haƙƙi a kadarar, ba hanyar tsallake gado ba ce. Kuma ba ta mallakar da komai: Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Ude da Nwara a 1993. Wannan ya shafe ka ta wata fuska. Filaye da yawa a Abuja da takardar wakilci kawai ake cinikinsu, sunan mai asali yana nan a rajista. In naka haka yake, ka kammala sauya suna tun kana iya zuwa da kanka, don marayu ba za su iya neman mutumin da ya sayar maka shekara goma sha biyar da suka wuce ba.

In za ka yi wa ɗanka ita don amfanin yanzu, a taƙaita ta. A ambaci kadarorin ɗaya bayan ɗaya, a faɗi abin da zai iya, a rubuta ƙarara cewa ba shi da ikon sayarwa, jinginarwa ko kyautarwa sai da sabon izini a rubuce, a sa mata wa'adi kamar shekara ɗaya ko biyu, a wajabta masa kawo lissafi duk wata uku. In ta shafi fili a buga mata hatimi a yi rajista. Banki yana da nasa fom na ƙara mai sa hannu, sai ka je da kanka. Ranar da ka janye ta, ka sanar da banki da 'yan haya da ofishin filaye a rubuce, ka karɓi takardar asali. Ka kuma san cewa gushewar hankali mai ɗorewa, irin wadda shanyewar ɓarin jiki ko ruɗewar tsufa take kawowa, ita ma tana kashe wakilci na yau da kullum. A nan sai iyali su je kotu ta naɗa mai kula. Kana iya rubuta wanda ka fi so a naɗa, alƙali zai duba.

Abin da aka saba gani shi ne, ana zaune a kan tabarmar makoki, ɗa yana riƙe da wayar mahaifinsa da katin ATM, ya san lambar sirri, yana tura kuɗin shinkafa da ruwan leda, daga baya na makaranta, daga baya na kaya. Ko da niyyarsa fara ce, yana taɓa dukiyar marayu da ta kakarsa ba da izini ba, kuma bayanan asusu za su nuna kowace naira da kwanan watanta. Da banki ya samu labarin rasuwa yake rufe asusun mutum, ba ya sakin kuɗi sai da takardar kotu: tabbatar da wasiyya, ko izinin kula da dukiyar mamaci, wanda ake biya wa wani kaso na darajar dukiyar gwargwadon dokar jiha. Sunan da ka rubuta a gurbin makusanci a fom ɗin banki ba ya mayar da mutum magaji; wanda za a tuntuɓa ne kawai. Wannan zirga-zirga tana ɗaukar watanni, saboda haka kowace mace ta kasance tana da abin cefanen wata uku zuwa shida a asusunta, kyauta daga gare ka tun yanzu.

Shagon kuwa, in sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista, a doka kai da shi abu ɗaya ne, asusunsa zai tsaya tare da naka. Kamfani mai rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yana da rayuwarsa daban: in akwai darakta na biyu da mai sa hannu na biyu, ciniki yana ci gaba, hannun jarinka ne kawai zai shiga gado a raba shi kashi-kashi ba tare da an yi gwanjon atamfa da shadda ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani, amma a halinka darakta ɗaya shi ne matsalar da ake gudu.

Idan burinka wata kadara ta daɗe tana ciyar da zuriya ba a sayar ba, wannan aikin wakafi ne, wanda ake kira hubusi. Asalinsa gonar Sayyidina Umar ta Haibara: aka tsare asalin, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada, ana ciyar da amfanin. Malikiyya sun yarda a yi shi na wani wa'adi, misali hayar gida ta tafi ga karatun jikoki da ƙananan yara na shekara ashirin sannan gidan ya dawo gado. Shi ma sai da hauzi kana da lafiya. In a wasiyya ka bar shi, sulusi ne iyakarsa. Ba ya inganta ka yi wa kanka, kuma Halil ya ɓata wanda aka yi wa 'ya'ya maza aka cire mata. Takardar ta faɗi mai kula da wakafin, da wanda zai gaje shi, ladan aikinsa, kason da za a riƙa warewa don gyara kafin a raba, da inda amfanin zai koma in waɗanda aka ambata sun ƙare. Rashin kason gyara shi yake mayar da gidajen wakafi kango. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, kuma akwai kamfanonin riƙon amana masu rajista da SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, da suke karɓar irin wannan aiki da lada. In za ka bi ta wurinsu, ka nemi jadawalin kuɗinsu a rubuce, ka kuma sa malamin da ya san gado ya karanta yarjejeniyar kafin ka sa hannu.

Duk wannan ba ya aiki in magada ba su san abin da ka bari ba. Ka sami littafi guda ka rubuta kowace kadara da inda takardarta take, kowane asusu da bankinsa, waɗanda kake bi da masu bin ka, ajiyar mutane da ke hannunka, da filin da ka saya da sunan wani. Asusun da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba, ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce a kwashe kuɗin zuwa wani asusun amana; ana iya karɓowa, amma sai wanda ya san da shi. Lambobin sirri kada su shiga wasiyya, tunda za a karanta ta a gaban jama'a. Ka rubuta a ciki cewa a yi rabo da zarar an biya bashi, sai fa in ɗaya daga matan tana da ciki, a nan Malikiyya suna dakatar da rabo har ta haihu. Jinkirin shekaru yana sa wani magajin ya rasu kafin a raba, rabonsa ya koma kan nasa magadan. In Hajiya ce, sudusinta zai tafi ga 'yan'uwanka, mutanen da za a zauna da su su ƙaru. Ana duba wane ne magaji a ranar rasuwa ne, ba ranar rubutu ba, don haka duk lokacin da aka haihu, aka rasu, aka yi aure ko saki, ko ka sayar da kadarar da ka ambata, ka koma wurin lauya da shaidunka a sabunta takardar, a rubuta a sabuwar cewa ta soke duk wadda ta gabace ta.